Sannu da Zuwa, Hajiyar Faris

'Yar Kawu, barka da sauka. Labari ya iso Kano cewa tun da kika dawo sai an yi sallama sau biyu kafin ki amsa, wai kunnenki bai gama saukowa daga jirgi ba. Na ce a yi miki uzuri. Bazazzagiyar da a da in za ta wuce Kwanar Ɗangora sai an yi mata addu'ar matafiya, in ta iso kasuwar Kwari ta ishe mu da taya rabin kuɗi, yau ita ce makaranta ta kwasa tare da 'yan ajinsu zuwa Faris da Landan karatun ado. Ai dole kai ya ƙara nauyi. Kada ma ki fara gaya mini cewa Inna 'yar Zariya ce. Inna ta yi hijira tun tana yarinya, kuma muna kyautata zaton an karɓa.

Ran da Kawu ya kira ta yana shaida mata za ki tafi yawon karatu, na tambaya wane littafi za a buɗe a can. Aka ce babu littafi, gidajen tarihi za ku zaga da kantunan manya, ku kalli riguna. Kallo! Mutanen da suka dame mu da kirarin birnin ilmi, an taɓa rumbun masarar Kawu, an bi layin biza har biyu, ta Faransa daban ta Ingila daban, don kawai a je a tsaya gaban gilashi ana kallon rigar da mai ita ta rasu tun ba a haifi Kaka ba. Da kin gaya mini kallon kaya kike so, da na ajiye miki benci a ƙofar shagona, kyauta, har da ruwan leda.

Amma tun da kin je, bari mu bi sawunki. Duk saƙonnin muryar da kika riƙa turo wa zauren dangi na WhatsApp suna nan ban goge ba, su ne shaiduna.

Na farko daga Palais Galliera ya fito, gidan tarihin tufafi na birnin Faris. "Wallahi gidan duhu ne, hoton ma bai fita ba, kuma rigan ba a taɓawa." Har ana jin kina tambayar ƙawarki ko wutarsu ce ta yi ƙasa. Da gangan ne, Hajiya. Haske yana cin launi, yana kuma raunana zare a hankali, musamman alharini, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa masu kula da tsofaffin tufafi ba sa barin hasken ɗaki ya wuce 50 a ma'aunin da suke kira luks, alhali ofis yakan kai 300 zuwa 500. Tun 1977 aka mai da gidan nan na tufafi, abin da ke ajiye a hannunsu ya kai wajen guda 200,000, wanda kika gani ɗan tsakure ne. Riga takan yi 'yan watanni a gaban jama'a sai a mayar da ita ma'ajiya, a kwantar da ita, a cusa mata takarda mai laushi a hannuwa da kafaɗu don kada ninki ya karya zaren, a bar ta ta huta. Ku kuwa a Zariya in an tuna da tsohuwar rigar saƙi, katanga ake shanya ta da tsakar rana, wai ta sha iska.

Kashegari aka kai ku La Galerie Dior, wadda aka buɗe a 2022 a jikin gidan nan mai lamba 30 a titin Montaigne. Hotunanki duk na matattakala ne: ke a tsaye, bayanki 'yan ƙananan riguna da takalma da jakunkuna an jera su launi-launi tun daga ƙasa har sama. Kin yi kyau, ban ce a'a ba. Sai dai na duba kaf ban ga alamar kin ji labarin mutumin da ya fi burge ni a gidan ba. Marcel Boussac sunansa, attajirin auduga mai masaƙu, shi ya zuba kuɗin da Christian Dior ya buɗe gidan a 1946. Ki duba lissafin. An fito daga yaƙin duniya na biyu, yadi ya yi wuya, mata sun saba da guntun siket matsattse, a Ingila ma har 1949 sai da takardar rabo ake sayen tufa. Ran 12 ga Fabrairun 1947 sai ga Dior ya fito da riguna masu ɗamammen ƙugu da buɗaɗɗen siket har ƙwauri, wani yakan ci yadi kusan 20. Turmi uku ke nan da ɗoriya, a jikin mace ɗaya! Wasu suka yi ta la'antar almubazzaranci, mata suka ce ba su san zancen ba, yayin ya cinye Turai da Amurka. To ki gaya mini, mai yadin da ya ɗauki nauyin telan da zai koya wa duniya ɓarnar yadi, in ba jinin Kanawa ba ne jinin wa? Ni na riga na sa shi a dangi. Da Bazazzagi ne, da har yau yana can yana rubuta takarda a kan illar tsadar auduga.

A gidan ne kuma kika shiga farin ɗakin nan da aka cika da rigunan gwaji, kika turo cewa, "Duk fari ne, ko ba su gama ɗinkin ba ne?" Sun gama. Nan ne ya kamata ki zauna har sai mai gadi ya kore ki. Kafin almakashi ya taɓa yadi mai tsada, sai an ɗinka rigar gaba ɗaya da akoko, a ɗora wa mutum-mutumin da aka yi wa ciko har ya yi daidai da jikin mai rigar, a zana gyara a kai, a farke, a sake. Sai akokon ya zauna daram sannan a warware shi a yanka na gaskiya a kansa, mai rigar kuma ta zo gwaji ba sau ɗaya ba. Ɗinkin da suke kira haute couture, tun 1945 doka ke tsare sunansa a Faransa. Sai gida yana da ɗakin ɗinki a Faris da ma'aikata na dindindin, yana ɗinka wa mutum a kan awonsa, yana kuma fito da sabuwar zayyana sau biyu a shekara, Janairu da Yuli. Ɗakunan ma kashi biyu ne, masu aikin yadi mai laushi da ke zubowa a jiki daban, masu kwat da duk abin da ke son tsayuwa daban, kuma mace kan tsufa a ɓangare ɗaya. Ke kuwa na ji an ce har kin ba mai fenti kwangilar allon da za a rubuta sunan nan a Tudun Wada. Keke ɗaya, da yarinya ɗaya mai sa maɓalli.

Saƙon da ya sa na ajiye wayar na yi dariya har yaron shagona ya leƙo shi ne wanda kika turo bayan kin ga wata mata zaune tana ɗinkin hannu a gaban baƙi. Muryarki har rawa take: "Ban taɓa ganin aikin hannu irin wannan ba." Ke? 'Yar birnin Zariya? Ke da kullum sai kin wuce ta gaban masu aikin riga a zaurukan Kwarbai kafin ki sami abin hawa? Mutum ya shimfiɗa babbar riga a cinyarsa, ya yi wata da watanni yana cike aska takwas da allura, ya zagaye tambari, ya huda ƙananan idanun nan ya bi kowanne da zare har ganinsa ya fara raguwa, matan cikin gida su ma suna nasu tsakanin girki da girki, ba ki taɓa tsayawa kin ce sannu da aiki ba, sai dai ki ce a gyara miki hanya. Sai da aka sa wa mai irin aikin farar rigar aiki da fitila a Faris, aka karɓi kuɗin shiga, sannan idonki ya buɗe.

Yabo ne fa na yi wa garinku, ki rubuta ranar don ba zai sake faruwa ba. A aikin allura a kan babbar riga ba na ja da Zagezagi. Mu namu rini ne da bugu da kasuwa. Inda Faransawa suka tsere muku shi ne riƙo. Da gidan Chanel ya ga ƙananan wuraren sana'ar da yake dogara da su suna neman mutuwa, masu aikin allura, masu gashin tsuntsu, masu huluna, masu takalma, sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana saye, ya bar kowa da sunansa, har suna yi wa abokan hamayyarsa aiki. Lesage, gidan aikin allurar da ke nan tun 1924, a 2002 ya shiga hannunsa, yanzu kuma an tara su a gini ɗaya mai suna 19M a gefen Faris. A Lesage ɗin akwai samfurin aikin da aka yi shekara da shekaru, dubun dubata, sabon shiga zai jawo durowa ya ga yadda aka yi tun ba a haifi ubansa ba. A Disambar 2022 Chanel ya kwashi bikin nuna aikin hannun nan ya kai Dakar. Bai biyo ta Zariya ba, wataƙila an gaya masa halinku.

Na san abin da za ki ce, wai Kanawa ne suka cika kasuwa da rigunan da injin kwamfuta ya yi wa aiki, da kayan China, har mai allura ya rasa mai saye. Ba a kanmu farau ba. A Faris ɗin da kike taƙama da ita, wani Barthélemy Thimonnier, wanda ya ƙera keken ɗinki a 1830, ya jera 80 a wuri ɗaya yana ɗinka kayan soja, teloli suka taru a 1831 suka farfasa su don tsoron rasa abinci. Keke bai fasa zuwa ba. Daga baya sai kasuwa ta rabu, na keke ya zama na kowa, na hannu aka ɗaga kuɗinsa inda keke ba zai kai ba, aka liƙa masa suna.

Sunan nan shi ne maganar. Wani ɗan Ingila, Charles Frederick Worth, da ya buɗe gidan ɗinki a Faris a 1858, shi ake danganta wa fara ɗinka ɗan ƙyalle mai sunansa a cikin rigar da ya yi. Kafin shi tela ɗan aike ne, a kira shi gida a gaya masa abin da ake so. A zamaninsa manyan mata suka koma zuwa shagonsa suna jiran ya gaya musu abin da za su sa. Kowace rigar da kika gani a gilashi akwai ɗan kati a gefenta: wanda ya zayyana, shekara, irin yadi, sau da yawa har da wadda ta sa da wanda ya ba gidan. Na lura a hotunanki duk kin yanke katin don fuskarki ta sami wuri. To yanzu ki je ki buɗe adudun Kaka ki ɗauko rigar tsamiyar nan ta marigayi kakanmu, wadda ba wanda ya isa ya taɓa. Wa ya kaɗa zaren? Wa ya saƙa? Wa ya haɗa ta, wa ya zana askar, wa ya cike? A wace shekara, a nawa? Riga ɗaya ta bi hannun mutum biyar ko shida, ba sunan ko ɗaya a jikinta. Kaka ce kaɗai ta rage da za ta iya ba da rabin amsa, ita ma in kin tambaye ta da yamma sai ta haɗa miki da labarin aurenta.

Mu koma kantuna, inda na ji an sha kallo. Ƙawarki ce ta tsegunta, kada ki neme ta da faɗa. A wani kanti da ba zan kama suna ba, mai dogari a ƙofa sanye da baƙar kwat, kun yi layi a waje cikin sanyi ana shigar da ku uku-uku. Ciki riga ɗaya a nan, jaka ɗaya a can, saura duk fili, filin da a Kwari za a yanka shago takwas a ba da haya. Kika ɗaga wata 'yar kwat, kika juya takardar kuɗin, kika fito da waya kina bugawa da canjin ranar, sai aka ga kin mayar da ita da hannu biyu kin ja da baya. An ce duk da haka sai da kika yi wa mai jiran kantin tambayar da ta sa malamarku ta sunkuyar da kai: nawa ne gaskiyarsa. A nan ban ga laifinki ba, tarbiyyarmu ce ta fara kama ki. Ƙorafina yana kan Aristide Boucicaut, wanda tun 1852 a kantin Le Bon Marché ya yaɗa bidi'ar rubuta kuɗi a jikin kaya, ba taya ba albarka, kowa ya shigo ya kalla ko bai saya ba, in ya saya bai yi masa ba ya dawo da shi. Ta nan aka kashe hira a kasuwa. Cinikin da ba a tambayi lafiyar iyali ba, ba "ƙara dai", ba "ban sayo haka ba", ba a ƙwala wa mutum kira bayan ya kai bakin layi, me ake morewa a cikinsa?

Kin kuma tsaya hoto a ƙofar Hermès. Gidan nan da kayan doki ya fara a 1837, linzami da ragama, sirdi daga baya. Dukawa ne, in gajarta miki. Jakarsu mai suna Birkin mutum ɗaya ke ɗinka ta da hannu, kuma ba kowa ake fito wa da ita ba ko da kuɗinsa a hannu, don sun gano cewa in ka ja wa mai kuɗi rai sai ya ninka maka. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana bi ta hannun majemanmu tana tsallake Sahara, da ta isa Turai sunan Maroko aka sa mata, don ta can ta shiga musu. Har yau Kano na tura fata Italiya da Sifaniya, ta dawo mana da tambarin wani.

A tsaraba kuwa kika gama da ni. Ranar da aka ba ku ta hutu kika sulale zuwa Château Rouge, unguwar nan ta arewacin Faris inda telolin Senegal da Mali ke zaune bakin keke ana jin ƙamshin busasshen kifi. An ce nan ne kaɗai aka ji dariyarki da ƙarfi, don an bar ki kin taya. Kika sayo wa Inna atamfa. Na karɓa na duba bakinta: Vlisco ce, daga Helmond ta ƙasar Holan, kamfanin da ke can tun 1846. Zanen nan ɗin, launin nan ɗin, yana shagon maƙwabcina a Kwari, kuma har da ribarmu bai kai abin da kika biya da Yuro ba. Inna dai ta yi ta sa albarka, ta ce atamfar Faris ce, ta hana a ɗinka. Ban gaya mata ba. Shirun nan kuɗi ne, za a haɗa a lissafi.

Daga nan jirgin ƙasa ya bi da ku ƙarƙashin teku, ramin nan mai tsawon kilomita 50 da aka buɗe a 1994. An ce tun da aka shiga duhu kika damƙi hannun ta kusa da ke kina karanto duk abin da kika haddace a Islamiyya, da aka fito kika ce ai ko kifi ɗaya ba ki gani ba.

A Landan gidan tarihin Victoria da Albert ne ya fi kwanta miki, kuma na san dalili: ba a biyan kuɗin shiga. Tun 1852 aka kafa shi, da niyyar masu zane da masu sana'a na Ingila su zo su ga aikin wasu su gyara nasu. Wato irinku aka gina wa. Can kika ga rigar fada ta shekarun 1740 wadda aka tokare ta gefe da gefe, faɗinta ya kusa ƙafa shida, kamar an ɗaura wa mace ƙyauren zaure a ƙugu, sai ta karkace take shiga ƙofa. Kika yi dariya kika ce, "Wannan ai wahala ne." Ke da na gani da idona ran bikin ƙanwarki an naɗa miki ɗankwalin da sai da kika kwantar da kai a cinyar wata kafin ki shiga a-daidaita-sahu. Abin da mai rigar can take faɗa shi kike faɗa: ku dubi yawan abin da gidanmu ke iya sayowa.

A gidan ne aka yi babban baje kolin adon Afirka daga Yulin 2022 zuwa Afrilun 2023, kuma kin ce malamarku ta lissafo muku magabatan da aka girmama a ciki. Shade Thomas-Fahm, wadda ta yi karatu a Landan ta koma Legas a 1960 ta buɗe kanti, ta sa wa zane zif don matar ofis ta huta da gyaran ɗauri. Chris Seydou na Mali da ya yanka bogolan, saƙin nan mai rinin laka, ya yi kwat da siket da shi. Kofi Ansah na Gana. Da Alphadi na Nijar, wanda a 1998 ya ja manyan masu ado na duniya har cikin hamada kusa da Agadas, aka yi bikin ado na FIMA na farko a kan yashi. Dukansu sun zauna a Turai sun ƙware a yanka, suka dawo suka ɗora shi a kan yadin gida. Na buɗe littafin zanenki da kika manta a ɗakin Inna. Shafi bayan shafi farar rigar amarya ce mai jela, wadda ko ƙofar zauren Kawu ba za ta wuce ba sai ta kwashi toka.

Kin ce lokaci bai bar ku kun shiga British Museum ba. Da kin je da kin gaida 'yan uwa, don akwai manyan rigunan Hausa da Nufe a ajiye a can, kowace da lambarta. Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus da Tambutu. Saura shekara bakwai Worth ya buɗe shago, mu ake yi wa yawon karatu. Zariya kuwa bai ma biya ba.

Rana ta ƙarshe aka bi da ku Savile Row, kika ce titin maza ne ba abin gani, kika tsaya cin soyayyen dankali. Ƙawarki ce ta leƙa tagogin ƙasa. A titin nan ɗakunan ɗinki da yawa a ƙarƙashin kanti suke, mai wucewa kan hango teloli zaune da allura da dutsen guga. Ƙa'idar ƙungiyarsu ita ce kwat da wando su sha aƙalla awa 50 na aikin hannu. Mai yanka daban, mai ɗinka kwat daban, mai wando daban. Kowane mai saye ana yanka masa samfurin jikinsa a takarda mai kauri, a rubuta sunansa a rataye, in ya dawo bayan shekara goma da tumbi a ɗauko a ƙara. Alexander McQueen, ɗan direban tasi, yana shekara 16 ya bar makaranta ya shiga koyon aiki a titin nan, a shagon Anderson & Sheppard, tun kafin ya je Central Saint Martins ɗin da kika tsaya hoto a ƙofarta. Duk haukan rigunan da duniya ta san shi da su daga baya, yaron da ya iya zaunar da hannun kwat a kafaɗa ne ya yanka su.

Hannu da kafaɗa kuwa sun kawo mu kan kaftanina. Shadda ce Getzner ta Ostiriya, na yanko daga bandir ɗin da nake ji da shi na ba ki tun kafin azumi, kika ce za ki yi aikin jarrabawa da ita, kyauta. An yi ƙaramar Sallah, an yi babba. Da kaftanin ya iso, hannun dama ya rufe mini yatsu, na hagu ya tsaya a agogo. Na mayar, kika ce kafaɗata ce karkatacciya, wai duk Kanawa haka suke saboda ɗaukar dila. To ko da hakan ne, ai aikin tela ke nan. Su can sai sun duba kowace kafaɗa daban kafin su yanka, don sun san da wuya ka sami mai kafaɗu daidai. Awona kuma a bayan katin waya kika rubuta shi, katin ya ɓata.

Ga sharaɗin sulhu. An ce makaranta na jiran rahoton tafiya. Ki rubuta musu, ki sa hoton matattakala su ji daɗi. Amma kafin Kaka ta sake ba masu musayar tsofaffin kaya wani abu daga adudun nan a ba ta robar wanke-wanke, ki ɗauki littafi da biro da tef ɗin awo ki je ki zauna da ita da hantsi, bayan ta sha koko hankalinta yana gida. Ki fito da su ɗaya-ɗaya a inuwa, tsamiyar, da saƙin, da baragen, da turkuɗin da aka sayo daga Kura aka sa mata a lefe, wanda za ki rubuta da manyan baƙaƙe cewa na Kano ne. Ki juya kowace ki ga cikinta, shafin da kalmasar. Sannan ki bi zaurukan unguwarku, ki durƙusa ki gaida tsofaffin nan, ki tambaye su wa ya koya musu, ki rubuta. In kin yi wannan na yafe rabin kuɗin sharar da nake binki tun bara. Ɗaya rabin kuwa ko daga fadar Zazzau aka aiko sai kin biya, kuma da Yuro, tun da an ce akwai ragowa a jakarki.

Kaftanin ina son shi kafin Juma'ar sama. Ki fara gwada shi da akoko, akwai a shago, zan ba ki a kuɗin sari. In kin ga dama ki ɗinka ɗan ƙyalle mai sunanki irin na Worth, amma ki sa shi can ciki wajen aljihu. In hannun ya sake fitowa ɗaya dogo ɗaya gajere, ni da kaina zan farke ƙyallen in mayar da shi ƙirji, in zaga Kwari layi-layi, har da lambar wayarki.